Turancin Mota a Daminar da Masaƙa Ta Tsaya

Markar bana ta zo da nauyi. Tun shigowar Agusta rana ba ta yi mana fitowar kirki a unguwarmu ta Trikania ba. Wanki sai ya kwana a igiya ya sauko da warin danshi, kwatar bakin layinmu kuwa ta cika ta tumbatsa har 'yan keke sun daina shigowa. Ranar Asabar ina zaune a baranda ina gyaran rama, jikata Salomi tana gefe da waya tana bitar Turanci saboda jarrabawa. Wata mace a cikin wayar tana faɗa, ita tana maimaitawa: "Slow down. Pull over. Drop off." Sai na ji hannuna ya tsaya a cikin ramar.

"Kaka, lafiya?" in ji ta.

Na ce mata lafiya lau, ta ci gaba da karatunta. Amma ni na riga na bar barandar, na koma wata damina ta shekara ashirin da 'yan kai, daminar da masaƙa ta tsaya.

Wanda bai zauna a wannan gefen kogi a lokacin ba, da wuya ya gane abin da jiniyar masaƙa take a wurinmu. Ita ce agogo. Da ita mata suke ɗora tukunya, da ita yara suke sanin sun makara, da ita ake sanin mazan aikin safe sun taso na rana sun shiga. In ta yi kuka sai hanya ta cika da kekuna, maza suna dawowa da farin ƙurar auduga a gashi da gira, yaro matashi sai ka rantse tsoho ne. A cikinsu akwai mijina Ayuba, wanda kowa yake kira Baban Rahila da sunan 'yarmu ta fari. Tun kafin mu yi aure yake ɗakin injinan saƙa. Ni kuwa malamar firamare ce, Turanci nake koyarwa.

Baban Rahila mutum ne marar yawan magana, amma in ya buɗe baki har maƙwabta sai sun san abin da muke ciki. Na sha ce masa, "Haba Baban Rahila, ai ba a tsallaken kogi nake ba." Sai ya yi dariya ya rage murya, jimawa kaɗan ta koma inda take. Yana da wata ɗabi'a kuma: in ina magana ba ya kallon ko'ina sai fuskata. Ko gishiri na ce ya ƙare, zai ajiye abin da yake yi ya juyo ya zuba mini ido har na gama. Matan zumunta a coci sun sa ni gaba da tsiya a kan wannan. "Malama, ki gaya mana abin da kika zuba masa a kunu, mu ma mu nemo." Ni kuwa ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba. Ina ganin duk unguwar nan ba macen da ake saurara kamar ni.

Masaƙar ba rana ɗaya ta mutu ba. An fara da rage aikin dare, sannan aka ce a riƙa zuwa mako ɗaya a huta mako ɗaya. Wata safiya kuma, ruwan farko bai daɗe da sauka ba, maza suka je suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Aka ce su koma gida za a neme su. Jiniya ba ta sake kuka ba. Makon farko mata da yawa sun ƙona abinci ko sun makara ɗorawa, don ba wadda ta saba duba agogo.

Yunwar gari daban take da ta ƙauye. A ƙauye in rumbu ya yi ƙasa akwai daji, akwai dangi. A nan kuwa kasuwa cike take da abinci kana wucewa kana gani. Albashina bai isa ya riƙe gida mai yara uku ba, kuma ba kullum yake zuwa a kan lokaci ba. Sai mazan unguwa suka tuna cewa su 'ya'yan manoma ne. Suka fito da fartanyu suka rarraba ɗan filin da ke gefen layin dogo da wanda ke bin katangar masaƙar, suka shuka masara da wake da ɗan dankali. Da asuba za ka gan su sun jeru da tsofaffin rigunan aiki, yau a yi wa wannan noma gobe a yi wa wancan, kamar gayyar gida. Ƙasar wurin duk tsakuwa ce da baƙin mai, masarar ta fito siririya rawaya, amma haka suke lallaɓa ta.

Mu mata kuma muka haɗa tukunya. Itace ya yi tsada, kananzir ba a maganarsa, sai muka koma garin katako da ake samowa wurin masu yankan katako, a danna shi a gwangwani a hura. In ya sha danshi hayaƙinsa sai ya sa ki kuka ko ba ki yi niyya ba. Da safe kunu tsararo ba sukari. Da rana faten tsaki, a cika shi da rama da yakuwa da gauta don ya yi auki, har ganyen ya fi tsakin yawa. Da yamma abin da ya rage a ƙara masa ruwa. Yara suna ci suna tambaya ko akwai ƙari, manya suna cewa sun ƙoshi. Baban Rahila ya ƙware a wannan ƙaryar. Zai yi loma kaɗan ya ture kwano wajen yara ya ce ya ci gasasshiyar masara a gona, alhali masarar ko gemu ba ta yi ba. Ɗakinmu yana yoyo a kusurwar gado, muna tara kwano, in ya cika a zubar a sake tarawa.

Ana cikin haka yayansa Markus ya zo daga ƙauyensu can wajen Zonkwa, da ɗan buhun acca a kai. Bayan ya ci abinci ya dubi ƙanensa ya dubi wandonsa da ya ɗaure da igiya saboda rama, ya ce, "Ayuba, ba zan zuba ido ka lalace a gari ba. Gonar Baba tana nan. In ruwa ya ɗauke ba ka samu abin yi ba, ka dawo gida. Malama ta riƙe yara a nan saboda makaranta, kai kana aiko musu da hatsi."

Magana ce ta hankali, kuma ba a musu da Yaya Markus. Amma ni na san ma'anarta. Aikina a nan yake, ba zan iya barinsa ba. In Baban Rahila ya tafi, gidanmu ya rabu biyu ke nan. Daga ranar na fara kallon sama da wani irin ido. Kowa yana roƙon marka ta sassauta, ni ina roƙon kada ruwan ya yi saurin ɗaukewa.

Sai ga wani dattijon cocinmu da labari. Akwai wata Madam a Barnawa, mutuniyar kudu, mijinta yana aiki a matatar mai ta wajen Rido, tana neman direba mai natsuwa da zai riƙa kai yara makaranta ya kai ta kasuwa. Direbanta zai bar aiki ƙarshen wata. Baban Rahila ya yi tuƙi kafin ya shiga masaƙa, lasinsa ma yana nan. Matsala ɗaya ce: Madam ba ta jin Hausa ko ta sayen gishiri, kuma an ce Turancinta da gudu yake fita. Shi kuwa nasa Turancin na gaisuwa ne da ɗan buroka.

Na ce wannan ai aikina ne. Na san ba Turancin littafi direba yake bukata ba. 'Yan gajerun maganganun nan ne da masu gida suke jefa wa mai aiki ba tare da sun kalle shi ba: ɗauko yara, sauke ni a nan, rage gudu, gangara gefe, kashe inji, cika tanki. Na aro guntun alli daga makaranta, na mai da ƙofar kicin allo. Kullum da la'asar, in ruwa ya koro su daga gona, sai mu zauna a baranda. Kafin mako ya zagayo maƙwabta sun ji labari. Baba Pam, mutumin Filato da suka yi aiki a layin inji ɗaya da mijina, ya zo da kujerarsa ya ce shi kuma gadi yake nema. Wasu ma suka biyo shi. Sai ga ni da aji na maza masu furfura, cikinsu yana kuka, ruwa yana dukan kwano a kanmu har sai na ɗaga murya.

Muka mai da benci mota, murfin tukunya ya zama sitiyari. Baban Rahila ya zauna ya riƙe murfin da hannu biyu da gaske kamar yana kan titin Abuja, ni ina tsaye a gabansu yadda malama take tsayawa. In na ce "Slow down," ya ɗaga ƙafa daga totur ɗin da babu. In na ce "Pull over," ya karkata murfin ya taka burki. In na ce "Pick up the children," sai Baba Pam ya taso da gudu yana tsalle wai shi ne yaron, ya faɗa bayan benci, kowa ya fashe da dariya. Ban taɓa samun ɗalibai irinsu ba. Ba mai waige, ba mai hira, duk idanunsu a kan bakina. Na riƙa gaya wa 'yan ajina na safe cewa su zo su ga yadda iyayensu suke karatu su ji kunya.

Dariyar barandar nan ita ta riƙe mu a watan. Baban Rahila ya haddace komai. Yana wanka yana bita, yana kaifafa fartanya yana bita. Har ya fara tsokanata da shi, in na cika faɗa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, slow down."

Ranar da zai fara gwaji na goge masa farar rigarsa ta zuwa coci da dutsen guga na gawayi. Rigar ta yi masa yawa a wuya. Na tsaya a bakin layi ina kallonsa yana tsallake taɓo da takalmi a hannu, sai ya kai kwalta zai sa. Ya dawo da yamma da leda, Madam ta ba shi ragowar shinkafa da nama. Yara suka ci suna lashe hannu. Washegari ma haka. Na tambaye shi yaya Turancin, ya ce, "Yana tafiya." Bai ƙara ba, ni ma ban matsa ba.

Kafin makon ya ƙare, wata rana da azahar ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na dawo daga makaranta na tarar da mota a bakin layinmu. Madam ce da kanta ta tuƙo. Baban Rahila ya fito daga kujerar gefe, bai dube ni ba, ya wuce bayan ɗakinmu. Ita kuma ta ce in shigo motar. Na shiga da jiƙaƙƙen zane ina jin kunyar kujerarta.

Ba muguwar mace ba ce, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Da Turanci muka yi magana, a hankali take yi. Ta ce mijina direba ne mai kyau, hannunsa a natse yake. Amma tun ranar farko ta lura ya karkatar da madubin tsakiya ya saita shi a kan fuskarta. Duk lokacin da ta ɗaga kai sai ta ga idonsa a bakinta. Abin bai yi mata daɗi ba, mace ce ita kaɗai a mota da baƙon namiji. Ta sa ya gyara, washegari ya sake karkatarwa. Yau da safe ta miƙa hannu ta gyara da kanta ta ce kada ya ƙara taɓawa. Suna dawowa daga makaranta ƙaramin ɗanta ya buɗe ƙofar baya mota tana tafiya. Ta riƙo yaron da hannu ɗaya tana ihu ya rage gudu ya gangara gefe, tana maimaitawa, shi kuwa yana tuƙinsa hankali kwance. Sai da ta kai masa duka a kafaɗa sannan ya waigo.

"In na tsaya a gabansa yana gane duk abin da na ce," in ji ta. "Kin taɓa kai shi a duba masa kunne?"

Na ce mata kunnensa lafiya lau, har da ɗan zafi na faɗa. Ta dube ni kawai, ta ba ni haƙuri, ta ce da yara a mota ba za ta iya ba.

Na same shi a bayan ɗakin ƙarƙashin 'yar rumfa, ya ba ni baya, yana ɗaure ƙotar fartanya da farar rigar a jikinsa. Ruwan ya tsagaita. Na tsaya kusa da shi, kusan in taɓa shi, na ce, "Baban Rahila." Bai motsa ba. Na ce, "Ayuba," sunan da ban kira shi da shi ba tun haihuwar Rahila. Hannunsa ya ci gaba da naɗa igiya. Na ƙara murya yadda nake yi wa aji. Sai da na zagaya inuwata ta faɗa kan fartanyar sannan ya ɗago, ya ajiye ta, ya zuba wa bakina ido kamar kullum. Na zauna a kan jiƙaƙƙen dutse.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"An daɗe," ya ce. "Kunnen dama ya riga ya tafi. Na hagu yana ɗan kamawa in an yi kusa kuma ba hayaniya."

"Shi ne ba ka gaya mini ba?"

"Me zan ce miki? Ai ina jinki. In ina ganinki ina jinki." Ya murza igiyar a yatsa. "Na ɗauka in na haddace su duka, madubi zai ƙarasa mini sauran. A wurin aiki haka muke yi. Ban san za ta ɗauka wani abu ba ne, wallahi ban sani ba. Ki ce mata ta yafe mini."

Kunyar wannan ta fi rashin aikin ci masa rai. Dattijon mutum, mai waƙa a coci, a ce yana leƙen matar mutane a madubi.

Da yamma Baba Pam ya zo da kujerarsa don karatu, ya tarar ba karatu. Da ya ji abin da ya faru bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce, "Malama, ashe ba ki sani ba? Ai duk wanda ya daɗe a ɗakin inji haka yake. Can ciki ko ihu ka yi a kunnen mutum ba ya ji. Baki muke kallo, da hannu. Ni kaina rabin abin da kike koya mana a leɓenki nake karantawa." Ya faɗa yana 'yar dariya, kamar yana ba ni labarin ciwon baya. Na dubi bencin da murfin tukunyar. Wata guda ina tsaye a gaban mutanen nan ina alfahari da natsuwarsu.

Na yi kuka ranar, kuma ba na aikin kaɗai ba. Na yi kukan kallon nan da na yi shekaru ina taƙama da shi a gaban mata. Daga baya na zauna na yi tunani, na ga ai bai rage komai ba: mutum ya yi shekaru yana ajiye abin da ke hannunsa don kada kalma ɗaya tawa ta wuce shi. Amma a ranar ban iya ganin haka ba.

Mun gwada wasu wurare. Gadi ma sai mai jin motsi. An ce akwai na'urar da ake sa wa a kunne, muka je muka tambaya, kuɗinta ya fi ƙarfinmu, muka dawo. Ajin baranda ya watse da kansa, ruwa ya wanke allin da ke ƙofar kicin. Masarar gefen layin dogo ta nuna, 'yan ƙanana, muka gasa muka ci, muka ɗan ji dama. Sararin sama ya fara washewa, ruwa ya koma sai jefi-jefi, rana ta dawo da zafinta. Mata suna murna wanki yana bushewa.

Yanzu akwai waya, mutum yana ƙauye kana ganin fuskarsa a tafin hannu, da ma zai iya karanta bakinka. A lokacin babu. Saƙo sai an samu mai zuwa. Mun san in ya tafi, sai Kirsimeti, sai Ista, sai in an yi rasuwa. Haka kuwa aka yi. Masaƙa ba ta neme su ba har yau, katangarta ce kawai a tsaye ciyawa ta cinye cikin. Ya yi noma, bai taɓa fasa aiko mana da hatsi ba, da shi yaran nan suka gama makaranta. A can ya tsufa, a can muka binne shi. Tun daga daminar nan ba mu sake zama ƙarƙashin rufi ɗaya na wata guda cur ba.

Ya roƙe ni kada in gaya wa yara maganar kunnen, wai kada su riƙa ganinsa kamar wani musaki. Ranar tafiya muka raka shi tasha ni da Rahila, lokacin tana aji biyar. Kayansa jaka ɗaya ce da fartanya naɗe a buhu. Ya dafa kanta ya ce ta yi karatu ta riƙa taimakon Mama. Ni kuma ya dube ni ya ce, "To, Malama." Na buɗe baki, yana kallo yana jira, amma ba abin da ya fito. Kwandasta yana ta buga jikin mota. Ya juya ya nufi ƙofa.

Sai Rahila ta tuna da gasasshiyar gyaɗar da ta ƙulle masa a bakin ɗankwalinta. Ta bi shi tana kira, "Baba! Baba, gyaɗarka!" Mutane suna ta waigowa, shi kaɗai ne bai waigo ba. Ya sunkuya ya shiga, aka rufe ƙofa, motar ta tashi. Ta bi ta da gudu har bakin titi tana kira, muna hango ƙeyarsa ta gilashin baya.

Ta dawo da gyaɗar a hannu. Ta ce, "Mama, Baba fushi yake yi da mu ne?"

Na yi masa alkawari, amma ba zan bar yarinya ta koma gida da wannan a ranta ba. Na durƙusa a cikin taɓon tashar na kama hannuwanta na ce, "A'a, Rahila. Babanki ba ya ji ne."